Alamar tacewa a ƙwayoyin ES na ɓera: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Wai mece ce alamar tacewa?

Ƙwayar gado ce da ake haɗawa da DNA ɗin da za a cusa wa ƙwayoyin asali na tayin ɓera (su ake kira ES), don su iya jure wata guba. A zuba gubar, waɗanda ba su karɓa ba su mutu. Shi ke nan.

Wace guba ce ta wace alama?

Alama a farko, gubarta a biye: neo da G418, pac da puromycin, hph da hygromycin, bsd da blasticidin. Don Allah a rubuta a manna a bango.

Nawa zan zuba, kuma har kwana nawa?

To, nan sai an yi haƙuri, domin babu adadi guda. Galibi G418 ana farawa tsakanin mikrogiram 200 zuwa 400 a kowace mililita, puromycin kuwa 1 zuwa 2, amma kada ka riƙe wannan kamar doka. Layin ƙwayoyi ya bambanta, ƙarfin garin G418 ma yakan sauya daga kwalba zuwa kwalba. Ka fara da ƙwayoyin da ba a taɓa ba, ka jera musu ma'auni daban-daban, ka ɗauki mafi ƙanƙanta da ya kashe su duka. Bayan ka cusa DNA, ka ba su yini guda ko biyu kafin guba. Puromycin na gama aiki cikin kwana biyu zuwa uku. G418 kan ɗauki mako guda har kwana goma, saboda haka idan ka leƙa faranti a rana ta uku ba ka ga gawa ba, kwantar da hankalinka. Sai dai ka duba ƙwayoyin shimfiɗa, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasan faranti don ciyar da ƙwayoyin ES: in ba sa jure gubar, za su riga mutuwa su ja naka. Na wani nau'in ɓera da ake kira DR4 suna jure G418, puromycin da hygromycin.

Sun tsira, ke nan DNA ya zauna inda nake so?

Ina! Yawancinsu ko'ina ya faɗa. Shi ya sa a 1988 Mansour da Thomas da Capecchi suka ƙara wata ƙwayar gado, HSV-tk, a gefen DNA ɗin: in ya zauna daidai ba ta shiga, in ya faɗa barkatai takan shiga tare da shi, sai maganin ganciclovir ya kashe ƙwayoyin da ke ɗauke da ita. Ragewa yake yi kawai. Gwajin PCR ko Southern, don tabbatar da inda DNA ya zauna, ba makawa.

Dole ne in cire alamar daga baya?

Cire ta. PGK, makunnin DNA da ke kunna neo, yakan dagula ƙwayoyin gadon da ke maƙwabtaka, ka zo kana ɗora wa ƙwayar gadon da ka goge da wannan DNA laifin da ba nata ba. Tun wurin zane ka kewaye ta da gajerun guntayen DNA, loxP ko FRT, sai furotin Cre (na loxP) ko Flp (na FRT) ya yanke ta ya fitar.