Shin dokar Amurka ta hana yin walda a jikin bututun da gas ke gudana a ciki?

Duk sanda aka ga hoton mai walda durƙushe cikin rami yana aiki a jikin bututun da gas ke bi ta cikinsa, sai ka ji ana cewa ganganci ne, wasu har su rantse doka ta haramta. Ba haka abin yake ba. Ƙa'idojin tarayya na tsaron bututun gas da ake kira Sashe na 192, waɗanda hukumar kula da tsaron bututu ta Amurka (PHMSA) ke aiwatarwa a kan kamfanonin jigila da rarraba gas, sun yarda da wannan aiki, domin rufe babban bututu na nufin yanke wa garuruwa gas.

Inda ake samun ruɗani shi ne sakin layi na 192.751. Abin da ya hana shi ne walda ko yanka a bututun da gas ya cakuɗu da iska a cikinsa, domin wannan cakuɗar ce ke kama wuta. Gas zalla, wanda babu iska a tare da shi, ba ya ci a cikin bututu.

Haɗarin da injiniyoyi ke tsoro iri biyu ne, kuma maganin ɗaya shi ke jawo ɗayan. Idan zafi ya yi yawa, ƙarfen ya yi laushi, matsin gas ya huda shi. Shi ya sa ake kiyaye kada zafin bangon ciki ya wuce digiri 982 a ma'aunin Salshiyos, kuma fargabar ta fi tsanani idan kaurin bututun bai kai milimita 6.4 ba. Idan kuwa aka rage zafin, gas ɗin da ke wucewa sai ya sanyaya waldar da gaggawa, ƙarfen ya ƙandare, sinadarin haidirojin ya tsaga shi, wani lokaci sai bayan sa'o'i da tashin ma'aikata.

A nan kwamfuta ke shigowa. Manhajoji irin na cibiyar bincike ta Battelle da na PRCI, ƙungiyar binciken harkar bututu, suna karɓar kaurin bututu da matsin gas da saurin gudunsa, su hasko zafin da za a kai da yadda waldar za ta huce. Sai dai masu cewa lissafin kwamfuta ya wadatar su ma sun yi kuskure, domin sakin layi na 192.225 ya wajabta a tabbatar da tsarin waldar ta gwajin zahiri, a yanka samfurin, a lanƙwasa shi, a karya. Rataye na B na API 1104, ma'aunin waldar bututu na Cibiyar Man Fetur ta Amurka, shi ne ya tsara wannan gwaji, inda galibi ake sakin ruwa ta cikin bututun gwaji don ya kwaikwayi sanyin gas.

Tun dokar tsaron bututu ta 2011, tarar karya waɗannan ƙa'idoji tana iya kaiwa dala 200,000 a kowace rana kan kowane laifi, ana kuma ƙara ta bisa hauhawar farashi. Kamfanin da ke tafiyar da bututun ake bi da ita, ba mai waldar da ke cikin rami ba, kuma a ganina nan ne wurin da ya dace ta faɗa, tunda kamfani ne ya san kaurin bututunsa, shi ne kuma ke da ikon rage matsin gas kafin a kunna wuta.