Auna Ingancin Guringuntsin da Aka Raina a Ɗakin Gwaji Ba Tare da Lalata Shi Ba

Guringuntsin gaɓoɓi shi ne farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi a gwiwa da ƙugu da kafaɗa, irin wanda ake gani a kan ƙashin cinyar kaza. Jini ba ya ratsa shi, shi ya sa idan ya samu rauni da wuya ya warke da kansa. Tun a 1743 likita William Hunter ya lura da haka a Landan. A 1987 Lars Peterson da abokan aikinsa a Gothenburg ta ƙasar Suwidin suka fara ɗibar ƙwayoyin guringuntsin majiyyaci, su yawaita su a ɗakin gwaji, su mayar masa a gwiwa. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da MACI, inda ake shimfiɗa irin waɗannan ƙwayoyi a kan wani siririn bango na kolajin, wato furotin mai kama da zare, kafin a dasa. Abin da ya rage wa masu wannan aiki shi ne sanin ko abin da suka raina ya isa a dasa, alhali ba su yanka shi ba.

Abin da ake nema a cikinsa

Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na guringuntsi ruwa ne. Sauran galibi abu biyu ne: zaren kolajin nau'i na biyu, wanda ke saƙe kamar raga, da wasu dogayen sinadaran sukari da ake taƙaita sunansu da GAG. Su GAG suna ɗauke da cajin lantarki da ke janyo ruwa, ragar kolajin kuma tana hana shi kumbura ya wuce kima. Wannan ja-in-ja ne ke ba guringuntsi ƙarfin ɗaukar nauyin mutum. Wanda aka raina kan tara GAG da wuri, kolajin ne ke yi masa nawa, don haka sai a ga abu fari sumul a ido amma ba shi da ƙwari.

Tsohuwar hanya ita ce a yanka shi siri-siri a rina da Safranin O, wanda ke mayar da wurin da GAG suke ja, ko a narkar da shi a auna sinadaransa, ko a matse shi a na'ura. Duk wanda aka yi wa haka ya tashi daga aiki. Sai dai a raina guda biyu, a gwada ɗaya a dasa ɗaya, kuma nan ne matsalar take: wanda aka gwada daban, wanda zai shiga gwiwar mutum daban, ga shi ƙwayoyin da aka ɗebo daga majiyyaci ba su da yawan da za a yi ta asararsu.

Hanyoyin da ba sa lalatawa

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana bin ruwan da ke ciki ne. Ma'aunin da ake kira T2 yana nuna yadda ruwa ke zaune a tsakanin zaren kolajin. Wata dabarar, dGEMRIC, tana amfani da sinadarin gadoliniyam mai caji irin na GAG. Da yake caji iri ɗaya ba sa jituwa, sinadarin sai ya taru a inda GAG suka yi ƙaranci, hoton ya tona wurin. Tsada da girman na'urar su ne cikas.

Hanyoyin haske sun fi dacewa da ƙaramin abu da ke cikin kwanon da ake rainonsa. A hanyar Raman, mai ɗauke da sunan masanin Indiya C. V. Raman da ya gano tushenta a 1928, ana haska leza, ɗan ƙanƙanin hasken da ya dawo da sauyin launi shi ke bayyana sinadaran da ya taɓa. GAG na da tasu alamar, kolajin na da tasa, har ruwa ma. Ana iya dawowa kan guringuntsi guda mako bayan mako a ga yadda yake girma, abin da yanka ba zai taɓa bayarwa ba. Hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, ya fi shiga ciki amma bayaninsa a cakuɗe yake. Na'urar OCT kuwa, mai bin hasken da ya dawo daga cikin abu, tana fitar da hoton ciki mai kyau, sai dai ba ta wuce zurfin milimita ɗaya zuwa biyu.

Sautin da kunne ba ya ji yana aiki kamar yadda mai sayen tukunyar ƙasa ke ƙwanƙwasa ta ya saurari ƙararta: saurin tafiyar sautin da yadda yake dawowa suna nuna kauri da tauri. Mafi sauƙi duka shi ne a ɗebi ruwan da ake rainon a ciki, a auna sukarin da ƙwayoyin suka sha da abin da suka fitar.

Inda aikin ya tsaya

Yawancin waɗannan hanyoyi sinadari suke gani, alhali abin da gwiwa ke buƙata ƙwari ne. Dole a fara gwada samfura masu yawa ta hanyoyin biyu, mai lalatawa da marar lalatawa, a daidaita lissafi, kafin a amince da abin da na'ura ta faɗa. Da zarar an sauya irin ƙwayoyin ko abin da ake shimfiɗa su a kai, sau da yawa sai an sake wannan daidaitawa. Akwai kuma batun tsafta, wanda ba a wasa da shi: abin da za a dasa a jikin mutum bai kamata ƙwayar cuta ta kusance shi ba, don haka ake ƙoƙarin ƙera na'urorin da za su yi awon ta jikin gilashin kwanon, murfinsa a rufe.