Metabas: inda mutum ke sauya yanayi da hannunsa

Tun watan Oktoba na 2021, da kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta, kalmar metabas ta shiga bakin matasa, har a fadodin shan shayi na Yamai. Da yawa sun ɗauka sabon wasan waya ne. Abin ya wuce nan. Metabas fili ne da aka gina cikin kwamfuta, mai tudu da kwari, wanda jama'a ke shiga lokaci guda ta intanet. Kowa na da ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarsa, yana yawo da shi, yana gaisawa da wanda ya tarar. In ka kashe na'urarka ma wurin na nan, wasu na can suna harkokinsu.

Kalmar ta girmi Meta nesa ba kusa ba, domin a wani littafin ƙagaggen labari na Amurka ta fara fitowa a 1992. Cikin irin waɗannan duniyoyi da suka daɗe akwai Second Life, wadda kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003.

Ni masu shiga don kallon ƙasa kawai ne suka fi burge ni. A Second Life ba a tara maki, ba mai ci, ba mai faɗuwa. An yanka ƙasar yanki-yanki, kowane mita 256 a tsaye, 256 a kwance, mutum ya kama haya ya gyara yadda ransa ke so. Ya tada dutse, ya haƙa tafki, ya dasa itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi launin sararin sama da inda rana za ta tsaya, ya sa kukan tsuntsaye. Oktoba na kamawa sai ya kwashe korayen itatuwan ya jera masu jan ganye, a Disamba ya shimfiɗa dusar ƙanƙara, tafkin ya daskare. Aiki ne na haƙuri, kuma ba ya dawwama: wurin da ka gani yau, bayan wata biyu sai ka tarar an sauya shi, ko ya ɓace ɗungurungum don mai shi ya daina biyan haya. Shi ya sa masu yawon ba sa wasa da ɗaukar hoto.

A wasan Animal Crossing: New Horizons da Nintendo ya fitar a 2020 kuwa, kalanda ce ke juya yanayin. Zaɓi biyu ne, arewacin duniya ko kudanci. Ɗan Yamai da ya zaɓi arewa zai ga furen ceri na zuba a tsibirinsa a farkon Afrilu, daidai lokacin da zafin bazara ke hana shi barci a ɗaki.

Wannan ne ke damuna. Da wuya ka ci karo da damina da kaka da hunturu irin namu a can, saboda masu ginin abin da suka sani suke ginawa. Ina so in ga yanki mai gonar gero da dammuna a jere, hazo ya rufe Gadar Kennedy, raƙuman dawa na Kure na kiwo, ko tafkin Tabalak ya cika ya batse bayan ruwan Agusta. A Second Life kayan ginin a buɗe suke ga kowa, shiga ma kyauta ce. Hayar filin ce sai da kuɗi, kuma a nan ne, haɗe da tsadar mega da ɗaukewar kuran, matashinmu zai fi jin jiki.