Yadda ake samun girma a cikin jama'a a Katsina da Daura

Shin girma gadonsa ake yi, ko nemansa ake yi?

Duka biyun. A Katsina idan aka ambaci mutum, tambayar da kan biyo baya ita ce, "Ɗan wane gida ne?" Akwai sarautun da suka daɗe a hannun gidaje sanannu, kamar Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, waɗanda su ne masu zaɓen sarki. Amma asalin ma yana da mafari. Muhammadu Dikko yana Durɓi ne lokacin da Turawa suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa shi, sarauta ta tashi daga Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa, inda take har zuwa kan Sarki Abdulmumini Kabir Usman da ya hau a 2008.

To su kuma manyan 'yan boko da 'yan siyasa da ake naɗa wa rawani fa?

Wannan hanya ce da fada ke jawo wanda ya yi fice a waje. Musa 'Yar'aduwa ya riƙe Matawallen Katsina, ɗansa Shehu ya zama Tafida, daga baya Matawalle ta koma kan Umaru, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 kafin ya zama shugaban ƙasa. A Daura, Sarki Faruk Umar Faruk ya naɗa Yusuf Buhari, ɗan shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, Talba a 2021, sannan a 2022 ya ba Rotimi Amaechi, ministan sufuri na lokacin, sarautar Ɗan Amana. A ganina rawani shaida ce cewa fada ta yarda da mutum. Yardar talakawa kuwa, sai ya neme ta daban.

Wanda bai gaji sarauta ba, ta ina zai ɓullo?

Ta ilimi ko ta sana'a. Har yau ana ambaton Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, ba kuma sarauta ce ta ɗaukaka su ba. Yaron da ya haddace Alƙur'ani ya zama alaramma ko gwani, dattawa ma kan matsa masa ya shiga gaba ya ba da sallah. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta buɗe ƙofar boko, a nan su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Masu sana'a kuma suna da nasu shugabanni: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Noma.

Kuɗi kaɗai ba su isa ba?

Ba su isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Attajiri yana samun gaisuwa, amma ba a kiransa babban mutum sai an ga mutane nawa ke ci a ƙarƙashinsa. Wa ya ɗauko yaro daga unguwa, ya koya masa kasuwa, ya ba shi jari, ya yi masa aure? Wa ke fitar da abincin buɗa-baki ƙofar gida da azumi? Wa ake bugawa waya da tsakar dare idan mai naƙuda na buƙatar mota?

Ka lura da ranar da aka yi rasuwa. Akwai wanda zai aiko da buhun shinkafa ta hannun direba, akwai wanda zai riga kowa zuwa, ya tuɓe babbar riga, ya kama makara, ya zauna kan tabarmar karɓar gaisuwa har kwana uku. Iyalan mamacin za su gode wa duka biyun, amma ran da za su nemi wanda zai shige musu gaba wajen neman aure ko sasanta rigimar gado, na biyun za su tunkara. Shi ya sa ake cewa wane "yana da jama'a", kuma ranar ɗaurin auren 'yarsa ake ganin yawanta.

A wajen mata fa?

Biki ne ma'auninsu. Macen da ba ta fashin suna da aure, wadda ke mayar da gudummawa fiye da yadda aka kawo mata, ita ce gidanta ke cika ranar nata. Uwar adashi kuma da riƙon amana take samun matsayinta, domin kuɗin mata da yawa ke kwana a hannunta. Yanzu Islamiyya ta ƙara wata hanya: malamar da ta yaye ɗalibai har aka yi walimar sauka, maganarta na da nauyi a unguwa.

Matasa a majalisa da ƙungiya, yaya suke hawa?

Da hidima suke farawa. Sabon zuwa shi ke shimfiɗa tabarma, shi ake aika sayo ruwa, kuma ba ya katse na gaba da shi. A hankali, idan an ga yana cika alkawari, sai a ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya. Abin da ke damuna shi ne yadda siyasa ke gajarce wannan hanya: matashi ya yabi ɗan takara a Facebook, ya samu babur ko 'yan kuɗi, ya ɗauka ya iso, sai zaɓe ya wuce a daina ɗaukar wayarsa.

Me ke saurin zubar da girman mutum?

Cin amana ne kan gaba, sai rowa da gori. Wanda ya cinye kuɗin masallaci ko na marayu, ko kotu ba ta kama shi ba, za a daina ba shi ajiya, kuma idan ya je nema wa ɗansa aure, masu bincike za su ji labarin tun daga bakin maƙwabta.