Tambayoyin VVT da ba sa ƙarewa

Mene ne VVT?

Tsari ne da ke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul gwargwadon gudun inji da nauyin da yake ja. Toyota na kiran nata VVT-i, BMW kuma VANOS. Shi ke nan.

Daidai yake da VTEC na Honda?

A'a. VTEC, wanda ya fito a 1989, zurfin buɗewar bawul yake ƙarawa. Injinan K20 da K24 masu i-VTEC ne suka haɗa biyun.

Zan iya zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 tunda garinmu zafi?

Duba murfin baƙin mai ko littafin motar. In an rubuta 5W-30 ko 0W-20, shi za ka zuba. Ramukan da man ke bi ƙanana ne, mai kauri kuma jinkirin isa yake yi, musamman da sanyin safiya. Kana ƙin yin juye a kan lokaci, sannan ka zo kana zagin inji.

To me ya haɗa baƙin mai da bawul?

Shi ne ƙarfin abin gaba ɗaya. A bakin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, akwai giya mai ɗakuna a cikinta. Kwamfutar mota tana karanta sensar kamshaf da ta kirankshaf, ta ba solinoyid (ɗan bawul mai aiki da lantarki) wuta, shi kuma ya tura mai ɗakin gaba ko na baya. Matsin man ne ke murɗa kamshaf 'yan digiri. Mota na tsaye, bawul ɗin shigar iska yana jinkirta buɗewa don inji ya zauna lafiya. Ka taka totur da lodi, sai ya buɗe da wuri, ƙarfi ya ƙaru.

Da safe ina jin "kar-kar-kar" na daƙiƙa biyu, sai ya ɗauke. In canza giyar?

Ya danganta, kuma kada ka yi saurin sayen kaya. A cikin giyar akwai ɗan fil da ke kulle ta idan an kashe inji. In ya ci, ko datti ya riƙe shi, giyar za ta yi ta kaɗawa har mai ya iso. An san wannan a wasu Camry da Corolla. Amma tenshina, wato abin da ke tamke sarkar taimin, ma tana irin wannan ƙarar, haka filtar mai ta jabu wadda ke barin mai ya zurare ƙasa cikin dare. Fara da mai araha: yi juye da man da ya dace, sa filta mai kyau, saurara kwana uku. In bai daina ba, a cire solinoyid a wanke, a duba 'yar rariyar da ke tace masa mai. A yawancin Toyota, in an gwada solinoyid ɗin da mita, ya kamata ta nuna om 6.9 zuwa 7.9 in yana da sanyi. Ƙarar da ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, kuma fitilar cek ba ta kama ba, mota kan daɗe da ita, ko da yake ba alkawari ba ne. In ta fara tsawo, ko tana zuwa inji na da zafi, ajiye motar a buɗe gaban inji.

Na'urar binciken mota ta nuna lambar matsala P0011 ko P0012.

Kwantar da hankalinka, ba inji ne ya mutu ba. Kamshaf ne bai tsaya inda kwamfuta ta ce ba. Zaro sandar awon mai tukuna. P0016 kuwa sau da yawa sarka ce ta saki ko ta tsallake haƙori.

Bakanike ya ce a zare soket ɗin solinoyid a huta.

Motar za ta tashi, amma za ta sha fetur, ta kasa hawa, fitila kuma ba za ta mutu ba. Canza bakanike.