Waiwaye: Rigimar nauyi da tsaro tsakanin tsofaffin Windows da sababbi

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10, sai tsohuwar muhawara ta sake tasowa. Wasu na cewa tsofaffin manyan manhajojin kwamfuta sun fi sauƙi da sauri, sababbin kuwa kaya ne kawai aka jibga musu. Wasu na cewa wanda duk ya riƙe tsohuwa tamkar mai kwana da ƙofa a buɗe ne.

Ƙorafin nauyi ya girmi yawancin masu yin sa. Tun 1995 Niklaus Wirth, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, ya koka cewa manhajoji na ƙara nawa fiye da yadda na'urori ke ƙara sauri. A shekarar ce Windows 95 ta fito, tana tashi da ƙwaƙwalwa mai megabayit 4 kacal. Windows XP ta 2001 ta nemi megabayit 64 da filin ajiya gigabayit 1.5. Windows 11 ta 2021 kuwa ba ta karɓar ƙasa da ƙwaƙwalwa gigabayit 4 da ma'adana gigabayit 64. Daga Windows 95 zuwa Windows 11 ƙwaƙwalwar da ake nema ta ninka sau dubu, alhali wasiƙar da ake bugawa ita ce dai wasiƙar.

Sai dai masu begen XP sukan manta da wahalar da aka sha. A watan Agustan 2003 ƙwayar cutar Blaster ta bazu, kuma ba sai mutum ya latsa komai ba: jona kwamfuta da intanet kawai ya isa, sai ta ba ka daƙiƙa 60 ta mutu ta sake tashi. Wata ƙwayar cutar, Sasser, ta biyo baya a 2004. Dalili shi ne XP ta fito da katangar tsaronta a kashe, kuma kusan kowa na aiki da cikakken iko a kan na'urarsa, don haka duk cutar da ta shigo ita ma ta samu cikakken iko. Bill Gates ya riga ya umarci ma'aikatan Microsoft tun Janairun 2002 su fifita tsaro, amma sai a Agustan 2004 babban gyara na biyu da aka yi wa XP ya kunna katangar ga kowa. Windows Vista ta 2007 ta zo da tsarin neman izini kafin a sauya wani abu mai muhimmanci. Jama'a sun tsane ta saboda nauyi da yawan tambaya, duk da haka a kan ginshiƙinta aka ɗora Windows 7 da kowa ya yaba.

Abin da ya fi fayyace al'amarin shi ne harin WannaCry na 12 ga Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana neman fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Nan take aka ɗora laifi a kan XP, wadda aka daina kula da ita tun Afrilun 2014. Da ƙura ta lafa, kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano cewa kusan kashi 98 cikin ɗari na kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda aka fitar wa faci, wato gyaran da ke toshe kafar tsaro, tun watan Maris, ba a dai ɗora shi ba. Kafar da aka bi kuwa wata tsohuwar hanyar musayar fayil ce, SMB ta farko, mai asali tun shekarun 1980, da aka yi ta jan ta daga wannan Windows zuwa waccan don kada tsofaffin na'urori su daina aiki. Wato wani sashe na nauyin sabuwar manhaja tsohon kaya ne da aka ƙi zubarwa, kuma ta nan ɓarawo ya shiga.

A nan ne nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiyar da ba a cika ba su ba. Tsaro na cin ƙwaƙwalwa, babu musu. Amma wasan Candy Crush da aka cusa cikin Windows 10, da tallace-tallace, da tattara bayanan mai amfani, ba su kare kowa daga komai. An haɗa magani da kayan talla a ƙunshi ɗaya, an ce ko ka ɗauka duka ko ka rasa duka. Sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0 da jerin sababbin injinan sarrafa bayanai (processor) da Windows 11 ta yarda da su sun bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a waje. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kwamfutocin ɗalibanmu da shagunan buga takardu na hannu ne, ga tsadar datar da sabuntawa ke lashewa.

Akwai hanya ta uku da ta daɗe: ire-iren babbar manhajar Linux marasa nauyi, kamar Lubuntu da Linux Mint, suna tafiya a kan kwamfutar da ta shekara goma kuma faci na zuwa musu a kai a kai. Matsalarsu ita ce CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux, su ne kuwa abincin mai shagon zane. Shi ya sa za ka tarar da shi har yau a kan Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020, yana karɓar filashin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya.