Tiyatar hanji ta ƙananan huji

Tiyatar hanji ta ƙananan huji hanya ce ta yanke ɓangaren hanji da ya lalace ba tare da an tsaga cikin mutum daga sama har ƙasa ba. Likita yana huda wuri uku zuwa biyar, kowane milimita 5 zuwa 12, ya hura iskar kabon dayoksaid don cikin ya kumbura, ya zura kyamara ta wajen cibiya, ya riƙa aiki idonsa na kan allo. Hausawan Makka da Jidda sukan kira ta da sunanta na Larabci, su ce an yi wa wane aiki da minzar.

Tarihi

A 1901 Georg Kelling ya leƙa cikin kare da madubi a Jamus, a 1910 kuma Hans Christian Jacobaeus ya gwada a kan mutane a Suwidin. Kurt Semm ya cire afendis ta huji a 1980, ya sha suka daga abokan aikinsa. Erich Mühe ya cire matsarmama a 1985. Hanji sai a 1991, da Moises Jacobs da abokan aikinsa a Miyami suka ba da rahoton marasa lafiya 20.

Daga nan tafiyar ta yi sanyi. An samu rahotannin cewa in an cire dajin hanji ta wannan hanya, cutar tana sake tsirowa a bakin hujin, likitoci da yawa suka ja da baya kusan shekara goma, kuma ba a ga laifinsu ba, don rai ba abin gwaji ba ne. Binciken Basalona na 2002 da na COST a Amurka na 2004, mai marasa lafiya 872, su suka kwantar da hankali: dawowar dajin ba ta fi ta aikin tsaga ciki ba, ga raguwar ciwo da saurin komawa gida.

Horo

Nan gizo ke saƙa. Hannu ba ya taɓa hanjin, allo kuma ba ya nuna zurfi, sannan in an ja kayan aiki dama, bakinsa hagu yake yi. Shi ya sa mai koyo ke farawa da akwatin gwaji, yana tsintar 'yan roba da hantsaki, yana yanka da'ira a bandeji, yana ƙulla zare har wuyan hannunsa ya ƙage. Yawan aikin da ake buƙata kafin hannu ya faɗa abu ne da ake saɓani a kansa. Wasu sun ce 20, wasu fiye da 50. Ingila ta kafa shirin Lapco wajen 2006 don horar da manyan likitocinta.

A Saudiyya

Hukumar ƙwarewar aikin lafiya, wadda aka kafa a 1992, ita ke kula da horon tiyata na shekara 5. Dajin babban hanji shi ne kan gaba tsakanin mazan ƙasar, kuma da yawa sai ya yi nisa suke zuwa asibiti, lokacin da ƙarin ya toshe hanji, dole a tsaga cikin.